Baffa Mai Leƙen Tukunya

Tun ranar da aka kai Baffa makwancinsa na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarmar mata a tsakar gida, can sai na miƙe na leƙa madafi. In na je na tarar ba abin da zan yi, sai na dawo na gyara takalman baƙi a bakin ƙofa, na sake komawa. Inna, matarsa, tana daga ƙuryar ɗaki cikin takaba tana kallona, har ta gaji ta ce, "Uwar masu gida, don Allah ki zauna. Mai zirga-zirgar gidan nan ya tafi, ke kuma kin karɓa?" Na zauna don ta ce, can kuma na sake miƙewa. Na dawo makaranta ma abin bai sake ni ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, ko na sami inda zan sauke abin da ke raina, kuma don kada nan gaba a ce wai wani malami ne da aka taɓa yi a garinmu Balan, a wuce.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne auta a ɗakinsu: Gwaggo ce babba, sai Baba, sai shi. Mahaifiyarsu ta rasu ko tafiya bai gama iyawa ba, Gwaggo ce ta goya shi ta yaye shi. Sunan mahaifiyar tasu aka sa mini, don haka su ukun duka Uwata suke ce mini. Ya daɗe yana koyar da ilimin abinci da gina jiki a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Kano, da ya yi ritaya kuma ya tattaro komatsansa ya dawo gida. Ni yanzu ina shekarar ƙarshe a karatun likita, kuma shi ne ya tsaya kai da fata har Baba ya bar ni na tafi.

Masu ta'aziyya sun zo iri-iri. Wani dattijo maƙwabcinsa, abokin musunsa na kullum, ya shigo gaida Inna. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya yi addu'a, sannan ya ce, "To, yau dai mutum zai ci tuwonsa ba mai tambayarsa me aka sa a miya." Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi ma ya fara dariyar, sai ya rufe fuska da hannun riga ya fice ba sallama.

Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Gaya da Ajingi da ƙauyukan da suke aiki, wasu ko fararen kayansu ba su tsaya cirewa ba. Wata a cikinsu, wadda yanzu ita ke riƙe da wani ɗan asibiti a ƙauye, ta ba mu labarin jarrabawarsa. Ta ce ta kwana biyu tana haddar sunayen bitamin, ta shiga ɗaki sai ta tarar da faifai a kan tebur, an jera gero da wake da ƙuli-ƙuli da kuka da busasshen zogale da ɗan manja a murfin kwalba. Ya ce mata, "Ga mace ta yaye ɗanta jiya, wannan ne abin da ke ɗakinta, mijinta ya tafi ci-rani. Ciyar mini da yaron nan daga safe zuwa yamma." Ta ce ta tsaya tana kallon faifai kamar ba a gidansu ake cin waɗannan abubuwa ba. Ya kayar da ita, ta yi kuka, ta yi masa Allah ya isa a zuci. "Wallahi yanzu," in ji ta, "faifan nan nake ajiye wa mata duk ranar awo."

Da la'asar kuma wata Bafulatana ta shigo da ƙwaryar nono a ka, daga wata ruga ta wajen Toranke. Ba wanda ya san ta a gidan. Ta sauke ƙwaryar a gaban ɗakin Inna, ta ce sadaka ce ga Modibbo, wato Baffa. Wata budurwa doguwa tana biye da ita. Matar ta ce lokacin da wannan yarinya take goye, ya tare ta a hanyar kasuwa tana tallar nono, ya sa ta sauko da goyon. Ya duba gashin kan yarinyar da ya yi ja ya yi laushi, ya danna bayan ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya tambaye ta me yarinyar take ci, ta ce koko. Ya ce nonon fa? Ta ce na sayarwa ne, da shi ake sayen hatsi. Bai yi mata wa'azi ba. Ya sayi ludayi biyu, ya ce, "Yanzu wannan nawa ne ko?" Ta ce nasa ne. Ya ce, "To ba ta a gabana." Washegari ya kai kansa rugar a babur, ya sa aka tafi da yarinyar asibiti. Bayan an sallamo su kuma ya ɗauki tsawon rani yana sayen nono a hannun uwar yana tsare ta sai 'yar ta shanye. "Mutanenmu sun ce mahaukaci ne," in ji matar. "Yana sayen abu ba ya tafiya da shi." Budurwar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Inna ta ce wallahi sai yau ta san inda man babur ɗinsa yake tafiya a waccan shekarar.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba a duk kwanakin zaman makoki: Gwaggo. Tana jingine da bango, carbi a hannu, in an yi mata gaisuwa ta amsa da ka. Zan zo kanta.

Ba zan ce Baffa mutum ne mai daɗin zama ba, don ya tsani a yi wa mamaci ƙarya. Ba ya iya wuce tukunya a kan murhu bai ɗaga murfi ba, ko a gidan wa. Zai yi sallama, kafin a gama amsawa yana bakin murhu. In ya ga ana tafasa ganye har ya yi baƙi sai ya kama kai ya ce, "Kun kashe shi, gawarsa za ku ci." In ya ga an tsiyaye ruwan dafuwar an zubar, sai ya ce akuyar da ta lashe ƙasar wurin ta fi masu gidan cin riba. Mai shayin bakin titi ya sha faɗa da shi a kan mata masu ciki da ake aiko wa shayi mai kauri su kora abinci da shi. Ya ce shayin nan yana hana jiki zuƙar abin da ke ƙara jini, su bari sai abinci ya faɗa. Tsofaffin mata sun sha faɗa da shi a kan dakashi, ruwan nonon farko da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne. Shi kuwa ya ce rigakafin farko ke nan da Allah ya aiko da shi tare da jaririn. Waɗanda suke hana yara ƙwai wai kada su tashi da sata, ya ce musu shi ya ga ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa jin wanda ƙwai ya koya wa ba.

In aka kawo masa yaro ba lafiya, uban ya ce ai yana ci yana ƙoshi, sai ya daka masa tsawa: "Ban tambaye ka ko ya ƙoshi ba. Me ya ci?" Sai an lissafa masa tun daga karin kumallon jiya. Yakan ce yaro yana iya kwana da cikinsa fam da tuwo kullum, kuma tamowa tana cinsa. A wurinsa na fara jin cewa abinci kashi uku ne, mai ba da ƙarfi da mai gina jiki da mai kare jiki, tun ban san akwai littafin da ya faɗi haka ba. Ba a kan allo ya koya mini ba. A kan kwanon abincina ne, yana nuni da tsinke: wannan gero ƙarfi ne, wannan wake tsoka ne, wannan zogale garkuwa ne, ina na ukun a kwanonki na jiya?

Da Baba kuwa duk kaka sai sun yi. Baba manomi ne, in an kawo wake da gyaɗa gida burinsa a loda a mota a kai kasuwar Ajingi, a bar gero da dawa a rumbu. Baffa sai ya zo ya zauna a kan buhu ya ce wannan ba inda za shi. "Yaya, kana sayar da naman jikin 'ya'yanka kana sayo musu lemon kwalba." Baba ya ce shi da gonarsa. Baffa ya ce shi kuma da 'ya'yansa. Haka za su yi ta yi har direba ya gaji ya yi ta danna oda, a ƙarshe dai a bar buhun da yake zaune a kai, don ba mai iya ɗaga shi. Ya kuma sa mu tsince gyaɗar da ta yi fumfuna mu ƙona, ya hana a ba ko kaji, ya ce guba ce mai cin hanta a hankali.

Yawan gishiri ma hana mutane yake yi. Amma shi kansa yana da hawan jini, kuma yana da sirri. Wata ranar kasuwar Ajingi na je sayen atamfa da ƙawata, sai na hango babur ɗinsa a bayan rumfar mai balangu. Na zagaya. Ga Baffa a tsugune ya ba hanya baya, takarda a buɗe a gabansa, yana dangwala nama mai kitse cikin yaji da gishiri, idonsa a lumshe.

Na ce, "Baffa, wannan a wane kashi yake cikin ukun?"

Ya buɗe ido, ya dube ni, ya dubi naman. Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Uwata, wannan kashi na huɗu ne, ba a koyar da shi sai mutum ya yi ritaya. Zauna ki ci, in kin ci ba ki da bakin kai ƙara wurin Innarki."

Na ci. Muka yi dariya har da hawaye. Yanzu in na tuna, dariyar ba ta zuwa ita kaɗai.

Babban faɗan rayuwarsa da Gwaggo ya yi shi, kuma a gabana aka yi.

'Yar Gwaggo, abokiyar wasana, ta yi haihuwar fari, aka kawo ta Toranke gidan Gwaggo wankan gida. Ina hutu a lokacin, ban daɗe da fara karatun asibiti ba. Bayan suna da 'yan kwanaki Baffa ya goya ni a babur muka tafi duba mai jego. Mun tarar an gama wankan safe, tsakar gida duk ganyen darbejiya da tururi. Gwaggo gwana ce a wannan fanni, mata daga unguwanni suke aikowa a tambaye ta. Ta dama kunun kanwa a babbar ƙwarya, ta tsare 'yarta sai ta shanye, don nono ya zo, ciki ya wanku, jiki ya yi ƙwari.

Mai jegon ta gaishe mu tana murmushi, amma tsakanin gaisuwa da gaisuwa sai ta tsaya ta ja numfashi. Baffa ya daina amsawa. Ya tsuguna ya kama ƙafarta ya danna. Ya tambaye ta yadda take kwana, ta ce sai ta jingina da bango, in ta kwanta sai tari. Ya ɗauko abin awon jininsa daga jakar babur ya ɗaura mata. Ban ga abin da ya gani ba, fuskarsa kawai na gani.

Ya miƙe ya ɗanɗani kunun da yatsa, ya tofar.

"Yaya, tun yaushe take shan wannan?"

"Tun ranar da ta sauka, kamar kowace mace."

"Daga yau ta daina. Gishiri ne zalla. Yana tara mata ruwa a jiki, zuciyarta ta gaza turawa. Asibiti za mu tafi yanzu."

Gwaggo ta ajiye ludayi. "Auta, kumburin jego ne, wanka zai sauke shi. Uwarmu ta sha, na sha, matarka ta sha daga hannun nan nawa. Ka fita harkar mata."

"Waɗanda suka sha suka mutu ba sa nan balle su faɗa miki."

"Ni na goya ka. Da kashinka da fitsarinka a bayan nan. Yau ni za ka koya wa renon mai jego, a gidana?"

Da ya tsaya a nan da an sami sauƙi. Amma Baffa bai iya tsayawa ba. Ya shiga madafinta, ya ɗauko ƙwaryar kanwar gaba ɗaya, ya wuce da ita turken shanun huɗa ya juye a kwami, a gaban surukanta da maƙwabta da suka zo barka. Ya ce, "Ga masu ita nan." Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ɗauke ta, tunda kai ka haife ta. Amma ƙafarka kada ta sake taka gidan nan."

Ya samo mota a bakin hanya, muka tafi da mai jego da jaririnta. A asibiti a Gaya suka duba ta suka tura mu Kano. A mota kanta yana kafaɗata, ina jin numfashinta yana ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙirjinta, Baffa kuma yana gaba yana yi wa direba faɗa, in ya yi gudu ya ce zai kashe mu, in ya rage ya ce zai kashe ta. Likitoci suka ce zuciyar ce ta raunana. Ta daɗe a kwance. Baffa ya yi ta fama da masu jinya a kan kada a raba ta da jaririn, a bar shi ya sha nono gwargwadon ƙarfinta, kuma shi da kansa yake tsayawa a kan abincinta: ba gishiri, ba dunƙulen ɗanɗano, ga wake, ga ƙwai, ga ganye. Ta ce mini daga baya ba ta taɓa cin abinci marar daɗi irin na Kawunta ba. Ta tashi. Tana nan da ranta, tana shan magani, yaron har ya shiga makaranta.

Gwaggo ta zo asibitin ta yi jinyar 'yarta, amma in Baffa ya shigo ta ƙofa ita sai ta fita. Aka yi shekaru a haka. A biki ko suna, in yana zaure tana cikin gida. Baba ya yi sulhu ya gaji. Baffa ya ce shi a shirye yake ya ba da haƙuri a kan ƙwarya, amma ba a kan kanwa ba. Gwaggo ta ce ita ba ta da ƙani mai tozarta ta a gaban surukai. Duk sallah yana aika mata da turmin atamfa da buhun wake. Turmin ta mayar, waken ta riƙe, ta ce na marayun unguwa ne.

Da karatuna ya yi nisa, aka koya mana wannan ciwo a aji, sai na ji maganar ba ta miƙe kamar yadda Baffa yake faɗinta ba. Malaminmu ya ce gishiri mai yawa yana ƙara wa zuciya nauyi, wannan ba musu, amma akwai matan da ba su taɓa shan kunun kanwa ba kuma ciwon ya kama su. Akwai hawan jini, akwai rashin abinci mai kyau tun lokacin goyon ciki, akwai abubuwan da har yanzu ake bincike. Da na zo hutu na faɗa wa Baffa. Yana ban ruwa a 'yan shukokin zogalensa na bayan gida. Ya ajiye bokiti.

"Wa ya koya muku wannan?"

Na faɗa masa. Ya yi ta kai da komo tsakanin shukoki, hannu a baya, yana magana shi kaɗai. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Washegari da safe ya kira ni ya ce na karanto masa abin da aka ba mu, daga farko har ƙarshe. Ya saurara, yana tsayar da ni yana tambaya. Da na gama ya ce, "To. Abin da aka sani yanzu shi za ki koyar, ba abin da Baffanki ya sani ba. Amma ko rabin maganata ce ta tsaya, ta isa a hana mai kumburi gishiri." Na ce haka ne. Ya ɗauki bokitinsa, har ya yi gaba ya juyo. "Kuma kada ki kuskura Gwaggonki ta ji."

Farkon daminar bana ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Abin da ya fi tayar mana da hankali haɗiya ce. Ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. A asibiti aka sa masa roba ta hanci, ya fizge ta da hannun da ya rage masa, aka mayar, ya sake fizgewa. Aka sallamo mu da sharaɗin abinci mai kauri da laushi, kaɗan-kaɗan, yana zaune a miƙe. Na san duk wannan, shi ma ya fi ni sani. Amma da muka dawo gida sai ya rufe baki. Inna ta kawo, ya kau da kai. Na kawo, na yi lallashi, na yi masa lissafin abin da jikinsa ke bukata kamar yadda ya koya mini, ya dube ni da idon nan nasa ya kau da kai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗura wa 'ya'yan mutane abinci, ga shi yana narkewa a gabanmu, kafaɗunsa sun fito, ni kuma hutun da na roƙa a makaranta yana ƙarewa. Na rasa inda zan sa kaina. Na shiga ɗaki na fita, na kira malamaina a waya, na dafa wannan na dafa wancan, duk a banza.

Ana cikin haka wata safiya muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Gwaggo ce, ɗan acaɓa ya kawo ta daga Toranke, da ƙullin kayanta da ludayinta. Ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya a bakin ɗakinsa ta daɗe tana kallonsa. Shi ma yana kallonta. Sannan ta wuce madafi ta ce a ba ta gyaɗa da shinkafa da tsamiya.

Ta dama kunun gyaɗa mai kauri, wanda ludayi zai tsaya a ciki. Na ce, "Gwaggo, sai an tayar da shi zaune sosai, ya ɗan sunkuyar da haɓa, kuma a jira ya haɗiye kafin a ƙara." Ta ce, "Na ji, likita. Tayar da shi." Muka jingina shi da matashi. Ta zauna a gefen katifa, ta ɗebo a cokali, ta hura, ta kai bakinsa. Ya shinshina. Ya yi ta kokawa da harshensa har kalmar ta fito.

"Kan...wa?"

"Ko ƙwaya. Shanu sun cinye. Buɗe bakinka, Auta, ba yau na fara ba ka kunu kana yi mini taurin kai ba."

Ɓarin fuskarsa mai motsi ya yi wani abu, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ya buɗe baki. Ya haɗiye. Muka tsaya muna jiran tari, tari bai zo ba. Inna ta fita da gudu, na ji ta a bayan ɗaki tana sheshsheƙa.

Gwaggo ba ta koma Toranke ba. Ita ta ciyar da shi duk daminar, da faten wake da aka murje, da kabewa, da kindirmo, da ƙwai a dame cikin kunu. Tana ba shi tana yi masa faɗa, tana tuna masa ɓarnar da ya yi yana yaro, shi kuma yana nuna kwano da yatsa in ya ga babu ganye. Ya yi kumari, har ya fara takawa da sanda zuwa zaure. Na koma makaranta da ɗan sanyi a raina. Bayan an kawo amfanin gona gida, wata rana da hantsi yana zaune a zaure yana kallon ana auna wake, ciwon ya dawo. Kafin a samo mota ya cika, kansa a cinyar Baba.

Ranar da zan koma Kano bayan sadakar bakwai, Gwaggo ta ce za ta raka ni bakin titi. Na ce ta zauna, ta ce ƙafarta ce. Da muka tsaya jiran mota a ƙarƙashin wata tsamiya, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Uwata, tsakaninki da Allah. Kanwar ce ta kusa kashe mini 'ya?"

Na ce, "Gwaggo, ta ƙara mata ciwon. Amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai waɗanda ba su sha ba kuma ya kama su. Har yanzu likitoci ba su gama gano tushensa ba."

"Shi ya san da haka?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ta ja bakin mayafi ta goge ido. "Ja'iri," in ji ta. "Damina guda ina ba shi kunu a baki, bai faɗa mini ba." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Ni ma ban taɓa ce masa da bai ɗauke ta ran nan ba da na binne ta ba. Mun yi kunnen doki."

Mota ta tsaya, kwandasta yana kiran Kano. Na sa ƙafa ɗaya a ciki, ta riƙo hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ku yi ta binciken. In kun gano, ki zo Toranke da ƙafarki ki faɗa mini, ko ni ce ban da gaskiya. Amma ki yi sauri, don ni ma ba daɗewa zan yi ba, kuma ba na so na je na same shi ban san amsar ba."

Na ce to, Gwaggo. Mota ta tashi, na waiwaya, tana tsaye a ƙarƙashin tsamiyar ba ta juya ba.

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo maka. Ka yafe masa zafin bakinsa saboda yaran da suka rayu ta dalilinsa. Ka yalwata masa kabarinsa, don bai saba zama a ƙuntace ba. Ka shayar da shi, ka ciyar da shi daga abin da ba ya cutarwa. Ita kuma Gwaggo ka ara mata kwana har na kai mata amsarta. Amin.